Yadda muka tara wa mutanen Darfur gudummawa daga Kano

Tun bayan ƙaramar Sallah, da muka aika kuɗin da jama'a suka tara domin mutanen Darfur, yankin yammacin Sudan da yaƙi ya ɗaiɗaita, kusan kullum sai wani ya tare ni da tambayar yadda aka yi. Yawanci matasa ne da abin da suke gani a waya ya hana su sukuni, wani Sudan ce ta dame shi, wani Gaza, wani kuma 'yan gudun hijirarmu na Zamfara da Borno. Ba amsar da za a ba mutum a tsaye a bakin masallaci ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki. Ni malamin makarantar sakandare ne, ban taɓa kafa ƙungiya ba kafin wannan, kuma kusan duk abin da zan faɗa a kan hanya na koye shi.

Ƙanena ne ya ja ni cikin lamarin. Yana cikin ɗaliban Najeriya da yaƙi ya rutsa da su a Khartum, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, daga can jirgi ya dawo da su gida. Yaƙin ya ɓarke ne ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF, rundunar mayaƙan da ke ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Ita RSF daga mayaƙan Janjawid ta tsiro, waɗanda suka ƙone ƙauyukan Darfur tun daga 2003. A cikin 2023 suka bi 'yan ƙabilar Masalit unguwa-unguwa a garin Al-Junaina, kuma kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a garin kaɗai. Gwamnan jihar Darfur ta Yamma ma, Khamis Abbakar, a watan Yunin shekarar aka kashe shi, sa'o'i kaɗan bayan ya fito a talabijin ya ce kisan ƙare dangi ake yi wa mutanensa. Sai kuma Al-Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa, da aka yi wa ƙawanya kusan wata 18, aka hana abinci shiga har mutane suka koma cin tunkuzar gyaɗa da ake ba dabbobi. Ranar 26 ga Oktoba 2025 birnin ya faɗa hannun RSF, bayan 'yan kwanaki Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe fiye da mutum 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke garin. A makon nan ƙanena ya daina cin abincin kirki. Yana da aboki ɗan Al-Fashir da suka kwana ɗaki ɗaya a jami'a, kuma lambarsa ta daina shiga.

Zaman farko a zauren wani dattijon unguwarmu muka yi shi bayan sallar Isha'i. Tsohon ma'aikacin banki ne da ya yi ritaya, kowa Baba Alhaji yake ce masa. Matasan unguwar da ke son a tara gudummawa sun zo da shirinsu, har sun zana sanarwa a waya da lambar asusun ɗaya daga cikinsu, jira kawai suke a ce a saki. Baba Alhaji ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Yarana, na ji niyyarku, Allah ya ba ku lada. To amma wa zai karɓi kuɗin nan a can? Ta wace hanya zai isa? In wani ya tare ku a Kwari ya ce ina dubu hamsin ɗina ta shiga, me za ku nuna masa? Kada ku ɗebo ruwa ba ku tanadi randa ba." Wani matashi ya ce, "Baba, mutane fa mutuwa suke yi yanzu, ba lokacin takarda ba ne." Ni ma zuciyata tana tare da shi a daren. Baba Alhaji ya ce wanda ya matsu ya ba da nasa yau, ga manyan ƙungiyoyin agaji nan suna karɓa ta intanet, ya tura daga aljihunsa ba tare da ya jira kowa ba. Amma kuɗin jama'a amana ce, kuma kuɗin da zai tsallaka iyaka zuwa ƙasar da ake yaƙi, in ba a bi da shi ta hanyar da doka ta sani ba, mai kyakkyawar niyya zai iya wayar gari yana amsa tambaya a kan ɗaukar nauyin ta'addanci. A nan aka tsaya: ba za a nemi ko naira ɗaya a wurin kowa ba sai an san mai karɓa, an yi rajista, an buɗe asusu da sunan ƙungiya.

Saboda haka daga ƙarshen hanya muka faro. Muka duba su wane ne ke aiki a inda mutanen suka gudu, wato garin Tawila da ke yamma da Al-Fashir, da garin Adre a gabashin Chadi, ƙasar da ta karɓi fiye da 'yan gudun hijirar Sudan 800,000 tun farkon yaƙin. Akwai ƙungiyar likitoci ta MSF, da hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR, da hukumar abinci ta WFP, da Red Cross, da ƙungiyoyin agaji na Musulunci. Akwai kuma su kansu 'yan Sudan, matasan unguwanni da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da wuraren dafa abincin sadaka da suke kira takaya, waɗanda su ne suka riƙe rayukan mutane a wuraren da manyan hukumomi suka kasa shiga. Muka rubuta wa da yawa daga cikinsu wasiƙa da tambayoyi iri ɗaya: kuna karɓar gudummawa daga ƙaramar ƙungiya a Najeriya? Za a iya ware ta domin Darfur da gabashin Chadi kaɗai? Za ku ba mu rasit da sunanmu? Kuna da asusun zakka daban? Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne, samun ofishin ƙungiya a Abuja ba ya nufin za ka kai masa naira ya tura Sudan. Ofishin Najeriya aikin Najeriya yake yi, sai su nuna maka asusun hedikwatarsu a waje. A ƙarshe muka tsaya a kan guda biyu, ɗaya domin sadaka, ɗaya mai asusun zakka, kuma kowacce ta ba mu amsa a rubuce a kan takarda mai tambarinta. Wasiƙun nan biyu sun yi mana amfani a banki, a masallaci da kasuwa fiye da duk wani jawabi da muka yi.

Daga nan sai rajista a hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Wata lauya, ƙanwar abokin aikina, ita ta riƙe mana wannan ɓangare, kuma ta yafe ladanta. Irin ƙungiyarmu a ƙarƙashin sashen amintattu na dokar kamfanoni ta 2020 take shiga. Ana farawa da neman suna a shafin hukumar, kuma Barista ta gargaɗe mu tun wuri da mu guji kalmomin da ke nuna kamar ta gwamnati ce ko ta ƙasa baki ɗaya, domin suna buƙatar izini na musamman. In an amince da suna, ana riƙe maka shi kwana 60, to kada ka nemi suna alhali sauran takardunka ba su haɗu ba. Ana buƙatar kundin tsarin ƙungiya, da rubutaccen bayanin taron da aka zaɓi amintattu da sa hannun shugaba da sakatare, da lambar NIN da hoton kowane amintacce, da takardar rantsuwa wadda muka je kotun da ke sakatariyar Audu Bako aka buga mata hatimi. A kundin ne Barista ta fi tsayawa. Ta ce, "Malam, ku rubuta ƙarara cewa aikinku agaji ne a cikin Najeriya da wajenta. In kuka bar wajenta, ranar da za ku tura kuɗi banki zai buɗe kundin nan ya ce bai ga inda kuka faɗa ba." Ta kuma saka sharaɗin da doka ke nema, cewa ba a raba dukiyar ƙungiya ga membobinta, in ta rushe kuma abin da ya rage ga wata mai irin aikinta zai koma.

Bayan haka doka ta ce sai an buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, da sunan ƙungiya da sunayen amintattu da manufofinta, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Wannan jiran ba a tsallake shi, ba a sayen sa. Kuɗin jaridun ne ya fi ci mana aljihu a duk aikin rajistar, kuma da shi da kuɗin hukuma da na hatimi duk amintattu ne suka yi karo-karo suka biya, domin mu iya tsayawa gaban jama'a mu ce babu kwabon gudummawa da ya shiga takarda. Ku sayi kwafin jaridun ranar da suka fito ku adana shafin gaba ɗaya da kwanan wata a jiki. Ba zan ɓoye ba, makonnin nan sun yi mini nauyi. Kullum labarin waɗanda suka isa Tawila a ƙafa yana zuwa, mata da yara babu mazajensu, mu kuma muna zaune muna ƙirga kwanakin jarida.

Ba mu bar lokacin ya tafi a banza ba, da shi muka zagaya wurin malamai da masu unguwanni, ba da roƙon kuɗi ba, da bayani. A nan na gane cewa tara mutane ya fi tara takarda wuya. Tambayar farko a kusan kowane zaure ita ce, su wane ne ke kashe su wane? Da ka ce duka ɓangarorin Musulmi ne, sai ka ga jikin mutum ya yi sanyi, ya ce fitina ce, Allah ya kyauta. Ta biyu kuma lokacin ne ya kawo ta. A daidai makon da Al-Fashir ta faɗi ne shugaban Amurka Donald Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da yake zargi da tauye 'yancin addini, har da barazanar turo sojoji. To in ka ce Amurka ta bayyana a watan Janairun 2025 cewa RSF ta aikata kisan ƙare dangi, sai a ce maka ai mu ma haka take faɗa a kanmu. Muka daina farawa da Amurka. Muka koma kawo rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, da bayanin likitocin da suka yi jinyar waɗanda suka tsere zuwa Adre, da hukuncin da kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, ta yanke a watan Oktoban 2025 inda ta sami Ali Kushaib, jagoran Janjawid, da laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama da aka yi a 2003 da 2004, da sammacin da kotun ta fitar a kan Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, a 2010 bisa tuhumar kisan ƙare dangi. Muna kuma faɗin gaskiya cewa sojojin gwamnati ma hannunsu ba a wanke yake ba, an zarge su da ruwan bama-bamai a kasuwanni da unguwanni. Mu ba sojan kowa ba ne. Amma bin Masalit da Zagawa da Fur saboda ƙabilarsu abu ne da ya faru, kuma ba za mu sassauta sunansa don kada ran wani ya ɓaci ba.

Wani babban malami a cikin gari, wanda ya yi karatu a Sudan da ƙuruciyarsa, shi ya buɗe mana ƙofar da muka kasa buɗewa. Bayan mun gaishe shi na ce, "Allah ya gafarta Malam, mutane suna cewa Sudan ta yi nisa, mu ji da namu." Ya yi shiru, sannan ya ce kakanninmu da suka tafi Hajji a ƙafa ta ina suka bi? Ta Barno da Wadai, su shiga Al-Junaina, su yada zango a Al-Fashir, su wuce Al-Ubayyid har bakin Bahar Maliya, wasu su shekara suna noma a hanya. Mutanen Darfur ne suka ba su ruwa da masauki. Bayan yaƙin Burmi a 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa can suka nufa, garin Mai Wurno yana nan har yau a bakin kogin Nilu, ana jin Hausa da Fulatanci a cikinsa. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama makarantar koyon Larabci ta SAS, malamai 'yan Sudan ne suka fara koyarwa a cikinta. Sheikh Abubakar Gumi a Bakhtur Ruda ta ƙasar Sudan ya ƙaro ilimi. Sojojinmu sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur, an kashe wasunsu a Haskanita a 2007, kuma a Abuja aka sa hannu a yarjejeniyar sulhun Darfur ta 2006. Ya ce, "Ku faɗa wa mutane haka. Bashi ne za mu rage." Shi ne kuma ya warware mana batun zakka: a mazhabar Malikiyya asali a raba ta a garin da aka fitar da ita, amma ya halatta a kai ta nesa in mutanen can sun fi tsananin buƙata. Ya ce mu ware mata littafi daban, kada ta gauraya da sadaka, kuma duk wanda ya ga maƙwabcinsa ya fi cancanta kada mu matsa masa.

Da takardar rajista ta fito, sai lambar haraji ta TIN, sai kuma SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido a kan halasta kuɗin haram. Babu bankin da zai bar ƙungiyar agaji ta yi hulɗa da asusu ba tare da takardarsu ba. Ta intanet ake cikewa, a ɗora takardar CAC da kundin ƙungiya da TIN da lambobin BVN na amintattu, kuma kyauta ce. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin SCUML, ladan cike maka fom yake nema, ka san abin da kake biya. Takardar tana zuwa da nauyi a kanka: ka san masu ba ka manyan kuɗi, ka ajiye bayanansu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana karɓa ko biyan tsabar kuɗin da ya wuce naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya, sai ta hanyar banki. Wannan ya zama mana garkuwa daga baya, lokacin da wani attajiri ya so ya aiko da nasa a jaka. Muka roƙe shi ya tura ta asusu, ya kuwa fahimta.

Banki ne ya fi gwada haƙurinmu. A na farko da muka je, jami'in yana murmushi yana duba takardu har ya kai ga kalmar Sudan, daga nan ya ce sai sashen bin ƙa'ida na hedikwata ya duba. Muka yi ta zarya, kullum ba a dawo da amsa ba. Baba Alhaji ya ce kada mu ji haushinsu, Amurka ta sa wa Hemeti da Burhan duka takunkumi, kowane banki yana tsoron kuɗi ya bi ta hannunsa ya faɗa inda bai dace ba. Ya shawarce mu mu koma wani bankin, mu nemi ganin manaja tun ranar farko, mu ajiye masa wasiƙun ƙungiyoyin nan biyu a gaba, ya ga cewa kuɗin ba Sudan zai shiga kai tsaye ba, asusun sanannun hukumomin agaji zai tafi. Haka aka yi, kuma a nan aka buɗe mana na naira da na dala. Sun nemi ƙudurin amintattu a rubuce, da mutum biyu masu asusun kasuwanci da za su tsaya mana, da shaidar adireshi, har suka turo wanda ya zo ya ga ofishin, wato shagon da Baba Alhaji ya ba mu aro. Muka tsara cewa kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, saƙon shigar kuɗi kuma yana zuwa wayar mutum uku.

Ana saura 'yan kwanaki azumi muka fara neman gudummawa. A masallatan Juma'a ba a tashi kawai a kama lasifika. Sai ka kai wa kwamitin masallaci wasiƙa da kwafin takardunka, su zauna, su sa maka rana. Inda liman ya ɗauki maganar a cikin huɗuba, abin da ake samu ya ninka na inda aka ba mu minti biyu bayan sallama mutane suna neman takalmansu. Akwatuna a kulle muke kawowa, a buɗe a gaban 'yan kwamiti, a ƙirga, su sa hannu mu sa hannu, a kai banki ranar aiki ta farko. A kasuwa kuwa ta hannun shugabanni ake shiga. A Kantin Kwari da Singa wani dattijo daga cikinsu ne yake riƙe hannunmu layi-layi yana cewa, "Alhaji, yaran nan na san su, na ga takardunsu." Wannan jimlar ita ce take buɗe aljihu. Ɗan kasuwa ba ya son dogon wa'azi da safe yana jiran ciniki, bayan Azahar ya fi sauraro, kuma abin da yake tambaya shi ne nawa ne zai isa, nawa za a ci a hanya. Ku bambanta alkawari da kuɗi. Wanda ya ce rubuta mini kaza a gaban abokansa da gaske yake, amma in ba ka koma ka tuna masa cikin ladabi ba, hidimar kasuwa za ta sha kansa.

Matan Islamiyyoyin matan aure su ne suka fi ba ni mamaki. Matata da ƙawayenta ne suka shiga wurinsu. Ba su da manyan kuɗi, amma ba su yanke ba har aka sha ruwan ƙarshe. Wata ta kawo kwasan adashinta, wata tsohuwa ta kunto ɗari biyar daga bakin zane ta ce a rubuta da sunan mahaifiyarta da ta rasu. Kowacce sai da aka ba ta rasit. Da su muka yanke shawarar da nake ganin ta fi kowacce daidai, cewa ba za mu yaɗa hoton gawa ko bidiyon kisa ba. Waɗannan mutane suna da dangi da mutunci, sannan a cikin abin da ke yawo a WhatsApp akwai tsofaffin bidiyo na wasu ƙasashe da hotunan da na'ura ta ƙirƙira. In aka kama ka da ƙarya ɗaya, gaskiyarka goma ta zube. Taswira muke nunawa, da muryar mutanen da suka tsira. A cikin azumin ne ma saƙo ya iso wa ƙanena cewa abokinsa yana Tawila da rai, amma mahaifinsa da yayyensa biyu ba a san inda suke ba. Da izininsa muka saka muryarsa a taron da muka yi a wani ɗakin taro, ba tare da sunansa ba.

Kafin taron mun kai wa rundunar 'yan sanda a Bompai wasiƙar sanarwa da kwafi ga DPO na yankin, muka karɓi kwafinmu da hatimin an karɓa. Matasa sun so a yi tattaki a titi, muka ga a yanayin Kano taron cikin ɗaki ya fi, ba ma son wani ya shigo da tasa manufar ya ɓata mana aiki. Mun kuma sayi lokaci a wani gidan rediyo, aka buɗe layi, kuma nan ne lambar asusun ta fi yaɗuwa. Nan ne kuma ɓarawo ya gan mu. Wani ya ɗauki sanarwarmu ya goge lambar asusun ya sa tasa ta wani bankin waya, ya sake ta. Wata baiwar Allah ce ta kira ta ce ta je turawa sai ta ga sunan mutum ya fito. Muka kai rahoto, muka koma rediyo muna nanata magana ɗaya: in sunan da ya fito ba na ƙungiya ba ne, kada ka tura. Da asusun ɗayanmu muka fara tarawa tun farko, da babu yadda za a yi jama'a su bambanta mu da shi.

Akwai waɗanda suka kawo kaya. 'Yan Kwari sun ba da bandir na atamfa da yadi, wani a Dawanau ya yi alkawarin buhunan gero, har aka fara maganar ɗaukar tirela. Muka zauna da direbobin da suka san hanyar: Maiduguri, Gamborun Ngala, a tsallaka Kamaru ta Fotokol zuwa Kusiri, a shiga Njamena, sannan doguwar tafiya zuwa Abeshe kafin Adre. Iyaka biyu, kwastan na ƙasa uku, ga rashin tsaro, ga kuɗin mota da na gas. Lissafi ya nuna hanya za ta cinye kaso mai yawa na darajar kayan. Muka koma wurin masu kayan muka nemi izininsu a sayar a zuba kuɗin a asusu. Mafi yawa sun yarda. Wanda ya ce shi dai hatsinsa yake so a ci, da yardarsa muka kai wa 'yan gudun hijirar da ke zaune a gefen gari. Wasu kuma sun kawo shawarar a ba 'yan canji a Wapa su tura ta hannun abokan hulɗarsu, kuɗin ya faɗa manhajar Bankak da 'yan Sudan ke amfani da ita, ya isa takaya a yini ɗaya. Na san hanyar tana aiki, kuma wanda yake da ɗan'uwa a can ya tura nasa ban ga laifinsa ba. Amma kuɗin dubban mutane ba za ka bi da shi ta inda babu rasit ba, a yankin da masu bindiga ke riƙe da hanyoyi da kasuwanni.

Bayan Sallah muka rufe littafi, wani akanta da ba ɗan ƙungiya ba ya duba shi. Muka sayi dala a wurin ɗan canji mai lasisi da rasit, banki ya karɓi wasiƙun masu karɓa da ƙudurin amintattu da bayanin dalilin turawa. Duk kuɗin da ya haura dala 10,000 da zai fita ƙasar waje ana kai rahotonsa ga hukuma, kuma kada wani ya ba ku shawarar ku yayyanka shi ƙanana don ku kauce wa haka, wannan shi ne abin da ke jawo zargi. Ranar da na ga jimlar a dala raina ya sosu. Kuɗin da ya cika ido a naira, wanda aka tara da ɗari biyar-biyar na tsofaffi, sai ya koma 'yar lamba a gaban buƙatar fiye da mutum miliyan 30 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce suna neman agaji a Sudan. Baba Alhaji ya ce in lissafa shi da kwanon abinci, kada in lissafa shi da girman yaƙin. Da rasit ɗin ƙungiyoyin biyu suka iso, muka buga su tare da bayanin shiga da fita, muka manna a kowane masallaci da ofishin kasuwa da muka karɓi kuɗi, aka karanta a Islamiyyoyi da rediyo.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara rajista watanni kafin lokacin da yake son tarawa, domin kwana 28 na jarida da jiran banki ba sa duba gaggawarka. In abin ya zo ba shiri, ya nemi ƙungiyar da ta riga ta mallaki takardunta ya yi aiki a ƙarƙashinta da yarjejeniya a rubuce, ba dole ne kowa ya kafa tasa ba. Ya sa dattijo da mace da wanda ya san lissafi cikin amintattu, domin kowannensu akwai ƙofar da shi kaɗai zai iya buɗewa. Kuma ya shirya wa tambayar "namu fa?" da amsa ta gaskiya, domin tambaya ce mai hujja, mai yin ta ba maƙiyi ba ne. Mu abin da muka ce shi ne asusun nan na Darfur ne, kuɗin da aka ba mu dominsa can zai tafi, kuma kundinmu ya ba mu damar buɗe wani domin na gida.

Kuɗi yana ciyar da wanda ya tsira, amma ba ya tsayar da mai kisa, shi ya sa a taron nan muka tara sa hannun mahalarta a kan wasiƙa zuwa ga wakilanmu a Majalisar Tarayya, muna neman Najeriya ta yi amfani da kujerarta a kwamitin zaman lafiya da tsaro na Tarayyar Afirka wajen matsa lamba a buɗe hanyoyin agaji, a daina shigar da makamai Darfur, a hukunta masu laifi. Wasu sun amsa, wasu muna jira, kuma an ɗora wa mutum biyu alhakin bibiya. Yanzu abin da ke gabanmu shi ne rahoton shekara da doka ta wajabta mu kai wa CAC, sai zagaye na biyu da 'yan Dawanau suka ce mu dawo musu da kaka, lokacin da hatsi ya shigo kuma hannunsu ya buɗe.